Marvella Ba Ta Yarda da Man Shafawa Ba

Idan ka miƙa wa Marvella Tibbs kofin ruwa, sai ta ɗaga shi ta duba a haske kafin ta kai baki. Ba don ta ƙi ka ba ne. Haka take yi wa kowa, har ni da na fi shekara ashirin ina cin abinci a kicin ɗinta. Idan ta karɓi magani a kemis, nan a gaban mai sayarwa take farke ledar, ta juya kwalin gaba da baya, ta girgiza shi a kunne, mutane na layi a bayanta suna ta tsaki, ita ko a jikinta. Na sha ce mata, "Yaya, wata rana inuwarki ma sai kin tambaye ta wa ya aiko ta." Sai ta ce, "To ai ban san inda take kwana ba."

Guga take yi a wani shagon wanki a arewacin birnin Milwaukee na Amurka tun kafin in san ta. Doguwa ce, baƙa, ta haura sittin, hannunta na dama ya fi na hagu kauri saboda dutsen guga. Ni da ita irin matan nan ne da ranar haihuwa aka duba aka ce maza ne, muka girma muka san ba haka ba ne, muka sha wuyar da za mu sha har muka zauna a yadda muke. Abin da ke riƙe da jikinmu a haka shi ne istirojin, sinadarin mata, wanda likita ke rubuta mana. Ita Marvella tun da aka yi mata aiki shekarun baya jikinta ba ya samar da komai nasa, abin da aka ba ta shi ke nan abin da take da shi. Don haka tsoronta ɗaya ne a duniya, ba ta kuma ɓoye shi: wata rana wani mai farar riga zai sa hannu a takarda a daina ba ta.

Ba daga sama ta ɗauko wannan zargi ba. Daga wani ƙauye a Mississippi ta hawo mota ko shekara ashirin ba ta cika ba, a zamanin da babu asibitin da zai kalli irinmu. A bayan wata mashaya wani mutum ya sayar mata da 'yar kwalba, ya rantse daga Mexico aka kawo ta, ashe man girki ne. Cinyarta ta kumbura ta yi ruwa, har yau akwai rami a wurin da babban yatsa zai shige. Da ta samu likita na farko, wani dattijo mai yawan murmushi, ya ce ta saki jiki ta gaya masa komai. Ta gaya masa komai. Ya yi ta rubutu, da ya gama ya ce abin da ya ji ya nuna kanta ne ba daidai ba, ya sallame ta hannu wofi. Daga ranar ta kafa wa kanta doka: likita ba ya jin fiye da abin da ya tambaya, abin da ya tambaya ɗin ma rabi ake ba shi.

Allura muke yi, ni da ita, kowace Lahadi bayan an tashi daga coci. A kicin ɗinta muke haɗuwa, tukunyar ganye na kan wuta, burodin masara na hucewa a gefe. Ita za ta ɗauko kwalbarta ta kai taga ta duba, ta zuƙo maganin a sirinji da kanta, sannan ta miƙo mini. Ba ta iya soka wa kanta, amma kuma ba ta kau da kai. Idonta na kan allurar har sai ta ga maganin ya ƙare tas a cikin naman cinyarta.

"Ya shiga duka?"

"A gaban idonki fa, Yaya."

"Na ce ya shiga duka, Renetta?"

"Ya shiga. Ko in yanka in nuna miki?"

Daga nan sai ta yi mini tawa, mu zauna mu ci. Duk wadda ta san allura ta san halinta. Farkon mako jiki ya cika, Marvella na guga tana waƙoƙin coci har masu kawo kaya su tsaya saurare. Kafin Juma'a maganin ya ja baya, fuska ta ɗaure. Ranar Asabar kuwa, ko mai shagon ba ya tambayarta ina ta ajiye rigar wane. Ita a wurinta wannan hawa da saukar shi ne shaida. Abin da take jin zuwansa, take jin tafiyarsa, shi ne magani.

Sai tsohon likitanta ya yi ritaya, aka haɗa ta da wata sabuwa, Dakta Halvorsen, baturiya, 'yar siririya, wadda a haife Marvella ta haife ta. Ta duba cinyoyin nan da allurar shekara da shekaru ta mayar kamar katako, ta auna jini ta ga ya fara hawa, ta ji labarin Asabar. Ta ce ga shawara: a huta da allura, a koma man shafawa. Maganin ɗaya ne, sai dai wannan a kwalba yake mai ɗan famfo a kai, kullum da safe a matsa a shafa a hannu a bari ya bushe, fata ta sha. Babu suka, babu hawa da sauka, kowace rana daidai da 'yar uwarta. Na tabbata ta yi bayani mai tsawo. Na kuma tabbata Marvella ba ta ji rabinsa ba, domin idan likita na magana, idonsa take kallo ta ga inda zai kauce, ba bakinsa take saurare ba.

Lahadin da ta biyo baya na tarar da kwalbar a tsakiyar tebur, Marvella ta harɗe hannu tana hararar ta.

"Zo ki ga abin da yarinyar nan ta ba ni. Shinshina."

Na shinshina. "Warin giya yake."

"Abin wanke hannu ne. Irin na bakin ƙofar banki. Sun ga na tsufa, ba za su ce mini kai tsaye sun daina ba ni ba, sai su ba ni abin wanke hannu in yi ta shafawa har in bushe."

"Haba Yaya. Mata nawa ke shafa shi? Wasu har cewa suke ya fi, ba ciwo, ba kumburi, ba faɗan Asabar."

"Su waye matan? Kin gan su?"

"Na ga wasu."

"Kin ga ya shiga jikinsu?"

Wannan kam gaskiyarta, ban gani ba.

"Kin ji ko," in ji ta. "Allura ina ganin ta shiga, ina jin zafinta, gobe in tashi in san akwai abu a jikina. Wannan fa? Ki shafa, ki juya, ya ɓace. Ina ya tafi? Cikina ko cikin iska? Ko hannun rigata ne zai fara nono?"

Na ce ta karanta takardar da ke cikin kwalin. Ta ce masu sayarwa ne suka rubuta, me kuwa za su ce? Ta riga ta shimfiɗa ta a ƙasan kwandon shara. Duk da haka ta fara shafawa, don babu yadda ta iya, amma a banɗaki, ƙofa a kulle. Ni da na shekara ashirin ina ganin cinyarta, ban taɓa ganin yadda take shafa man nan ba.

Ba a jima ba ta nemi abin da na san za ta nema. Ta gama yi mini allurata, maimakon ta miƙo mini kwalbata sai ta riƙe.

"Netta, 'yar ƙanwata. Ɗan kaɗan. Rabin abin da na saba ma ya isa. In ji ɗumin abin kawai."

Idan Marvella ta ce mini Netta, to akwai magana. Na ce a'a. Na ce jininta na hawa, ga mai tana shafawa, in na ƙara mata allura a kan haka wani abu ya same ta, da wane ido zan kalli kaina? Ta ce ashe an saye ni. Na ce wa ya saye ni, da me? Ta ce ita ma abin da take so ta sani ke nan. Na fizge kwalbata na fita, ko ganyen ban ci ba, kuma Allah ya sani ganyen Marvella ba abin bari ba ne.

Lokacin gwajin jini ya zo, ta je aka ɗiba. Da sakamako ya fito Dakta Halvorsen ta kira ta ofis. Maganin da Marvella ke rantsuwa ruwa ne, sai ga shi a jininta ya yi sama, sama da abin da man shafawa zai iya kaiwa, sama ma da lokacin da take allura. Likitar ta yi mata tambaya a hankali, da ladabi: ko akwai wani da ke yi mata allura a gefe? Ko wata ƙawa? Ta ce ba faɗa za ta yi ba, so take kawai ta sani.

Daga asibitin ko gida Marvella ba ta je ba, shagon kitson da nake aiki ta zo. Ina tsakiyar kan wata, ta tsaya a ƙofa da rigar sanyinta.

"Ƙawa, in ji ta. Wata ƙawa. Ina ta samo kalmar ƙawa, Renetta?"

"Wace ce?"

"Kada ki raina mini hankali. Mu biyu ne a kicin ɗin nan ranar da na roƙe ki. Ni, ke, sai tukunya. Tukunyar ce ta buga mata waya?"

"Ni ko fuskar likitarki ban sani ba!"

"Waya ba ta bukatar fuska."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata abin da ya kamata ta tambaya shi ne yadda aka yi abin wanke hannu ya cika mata jini. Ta ce wannan ai a fili yake: ƙarya suke yi, hujja suke haɗawa. Su ce ya yi yawa, su ce tana cuta, su rufe mata hanyar maganin. Matar da nake wa kitso ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji, alhali kunnuwanta har motsi suke. Daga ranar Lahadinmu ta mutu. Na koma yi wa kaina allura a gefen gado, ina zagin Marvella a zuci, ina kewar ta.

Abin da ta yi bayan nan daga baya na sani. Ta zauna ta yi lissafinta irin na mai zargi: tunda sun ce ya yi yawa, to za ta rage har su rasa abin faɗa. Likitar ta ce ta rage kaɗan, ita ta rage fiye da haka. Ta koma shafawa yau, ta tsallake gobe. Aka sake gwaji, sakamako ya sake fitowa sama. Wannan karon Dakta Halvorsen ba ta yi murmushi ba. Ta ce ba za ta iya ci gaba da rubuta magani ba alhali ba ta san abin da ke shiga jikin mutum ba, ga shekaru, ga hawan jini. Za a sake gwaji sau ɗaya. Idan ya fito haka, za ta dakatar da maganin har sai an gano. Marvella ta ji kalmar da ta shekara arba'in tana jira, ta koma gida ta kusan daina shafawa gaba ɗaya.

A coci na ga abin da ya same ta. Tsakiyar hunturu ne, ƙanƙara ta rufe tagogi, kowa na ƙudundune cikin riga, Marvella kuwa na zaune a layin gaba tana fifita da takardar waƙa, gumi na bin wuyanta. Ta rame. Idanunta sun faɗa, irin na wadda barci ya ƙaurace wa. Da aka miƙe za a yi waƙa sai da ta dafa benci da hannu biyu, kuma ba ta buɗe baki ba, Marvella da muryarta ke danne ta kowa. Wata ta raɗa mini cewa a shago ta ƙona rigar auren mutane, abin da ba ta taɓa yi ba, mai shagon ya same ta tsaye tana kallon ƙunar. Fushina ya tafi, tsoro ya maye gurbinsa.

Na tare ta a bakin ƙofa.

"Yaushe ne gwajin?"

"Wa ya aiko ki?"

"Uwarki ce ta aiko ni daga kabari. Yaushe ne?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Talata."

"Zan zo in ɗauke ki. Ba za ki tsaya jiran bas a wannan sanyin ba, kina tangaɗi kamar 'yar maye."

"Don ki samu abin kai rahoto."

"E, har hoto zan ɗauka."

Ranar Talata da safe ta shigo motata ba gaisuwa, ta rungume jakarta a ƙirji. Na tsayar da mota a filin asibitin, ina neman safar hannuna, sai na ji ƙarar zif ɗin jakarta. Na juya. Marvella ta ba ni baya, ta naɗe hannun rigarta na hagu, ta fito da kwalbar nan. Ta matsa ɗan mitsitsi a yatsa, ta kai shi daidai cikin gwiwar hannu, inda jijiyoyi suka fito raɗau, ta shiga murzawa da ƙarfi kamar mai cire tabo a kwalar riga.

"Yaya, me kike yi?"

"Kau da idonki."

"A nan kike shafawa?"

"To a ina? A goshi? Nan jijiya take. Abin da ba shi da ƙarfi ai sai a kai shi bakin ƙofa. In na shafa a dantse yaushe zai iso jini?"

"Kullum a nan?"

"Tun ranar farko."

"Amma ke da kike so ya sauka, me ya kai ki shafawa yanzu?"

Ta yi mini kallon wadda ba ta san duniya ba. "Ke yarinya ce har yanzu. In suka ɗiba suka ga babu komai fa? Sai su ce ba na amfani da shi, sayarwa nake yi, ko kuma ba na bukata. Ta nan ma su rufe. Dole su ga alama. Kaɗan nake sawa, don a gani."

"Wane hannu kike ba su?"

"Hagu mana. Dama na aiki ne, ba na bari a taɓa mini shi."

Ni ba likita ba ce, kitso na iya. Amma na zauna ina kallon wurin nan yana sheƙi, na tuna nan da ɗan lokaci allura za ta huda daidai nan, ta bi ta cikin fatar da aka yi wata da watanni ana jiƙa ta da magani, ta kwaso abin da ta kwaso.

"Yaya, ina jin ba jininki suke aunawa ba. Man suke aunawa."

"Suna goge wurin da auduga."

"Shafa ɗaya! Ke da kika murza shi kamar za ki fitar da wuta? Mu shiga ki gaya wa likitar."

"In gaya mata me? Tsohuwa ta rikice, ko shafa mai ba ta iya ba? Ta rubuta? Kin san abin da ke biyo bayan rubutu?"

"To kada ki gaya mata. Ba su hannun dama kawai."

Nan fa ta tsaya. Na ga tunanin yana yawo a fuskarta: idan gaskiya na faɗa fa, idan kuma tarko ne fa, idan da likitar muka shirya fa. Ta ce me zan samu a ciki? Na ce abin da zan samu shi ne in daina ganin ta tana fifita a cikin ƙanƙara. Ta ce idan ya fito babu komai suka rufe, ni ce. Na ce na ji, ni ce, ta rubuta a goshina. Ta sauke hannun rigar, ta fita ta buga mini ƙofar mota.

Na bi ta ciki. Da mai ɗibar jinin ta kamo hannun hagu yadda ta saba, Marvella ta janye. Ta ɗan jima tana kallona ta ƙofar da ke buɗe, sannan ta naɗe na dama, ta ajiye shi a kan matashin kamar wadda za a yanke wa shi.

Kafin mako ya fita aka kira ta, aka ce likita na son ganin ta da gaggawa. Ita ta bugo mini. Ba ta ce in zo ba, cewa ta yi, "Ke kika jawo, sai ki zo ki gani." A hanya ta sa na rantse ba zan buɗe baki ba.

Dakta Halvorsen ta jawo kujera kusa da ita ta zauna. Ta ce ta kasa gane kan abin. Sau biyu jini ya nuna magani ya yi yawa, yanzu kuma ya nuna kusan babu shi sam, kamar na wadda ta daɗe ba ta samu ba. Ta dubi ramar Marvella, ta dubi gumin da ke goshinta, ta ce wannan na ƙarshen shi ya yi kama da matar da ke gabanta. Ta ce, "Don Allah ki taimake ni. Me ke faruwa?"

Marvella ta dubi ƙofa. Ta dubi hannun likitar, ta ga ko akwai biro. Ta dube ni, na kafa ido a kan takalmina, bakina na ƙaiƙayi kamar in mutu. Can sai ta naɗe hannun hagu, ta ɗora yatsa a cikin gwiwar.

"Nan nake shafawa," in ji ta. "Nan kuma kuke ɗiba."

Da ta fara sai ta kasa tsayawa. Ta faɗi na bakin ƙofar jijiya, ta faɗi tsallaken kwanaki, ta faɗi ɗan mitsitsin da take sawa don a ga alama. Har roƙon da ta yi mini a kicin ta faɗa, ta ƙara da cewa na hana ta, kamar wannan ma laifi ne. Likitar ta rufe ido ta dafe goshi. Ta ce irin haka na faruwa idan an ɗibi jini a inda ake shafawa, kuma kamata ya yi tun farko ta tambaye ta inda take shafawa, maimakon ta tambaye ta wa ke yi mata allura. Ta ce, "Na zarge ki, ban kyauta ba. Ki yi haƙuri."

Marvella ba ta san inda ake ajiye haƙurin likita ba, ba a taɓa ba ta ba. Ta ƙanƙance ido.

"Me za ki rubuta?"

Likitar ta juyo mata da fuskar kwamfutar, ta rubuta a gabanta. Marvella ta sa tabarau ta bi kalma ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, ta sa aka canza guda. Sannan aka ba ta zaɓi. In tana son allura za a koma, a nemi wurin da bai taurare ba, a riƙa lura da jininta, amma ta san Asabar za ta dawo. In kuma mai ne, to a baza shi a dantse ko a cinya, ba a murza a wuri ɗaya ba, kullum, ba tsallake, ranar gwaji kuma a ba da hannun da bai taɓa shi ba. Na ɗauka allura za ta ce kafin a rufe baki. Sai ta ɗauko kwalbar daga jaka ta juya ta a hannu.

"Ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba," in ji ta, "shi ya rikita muku inji haka?"

"Shi ne."

"To ashe ba abin wanke hannu ba ne. Bar mini shi tukuna. Amma ina kallon ki."

"Na sani," in ji likitar.

Muka fito, ni har da 'yar dariyata, ina shirin in ce yau sai ta dafa mini ganye tukunya guda na biyan zargi. Muka shiga mota na tayar. Ban kai ga sa giya ba na ga ta sauke madubin gabanta. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke ciki, kumatun da suka zube, idanun da suka faɗa. Ta kai hannu ta taɓa wuyanta.

"Netta."

"Na'am, Yaya."

"Tun ina yarinya nake jiran ranar da za su ƙwace mini shi. Na shirya wa likita, na shirya wa kemis, na shirya wa gwamnati. Ke ma na shirya miki." Muryarta ta karye. "Duk hunturun nan yana cikin jakata. Ba wanda ya taɓa shi. Ni na hana kaina."

Ban taɓa ganin Marvella ta yi kuka ba, ko a jana'iza. Ranar ta yi, ta kifa kai a kan jakar, kafaɗunta na rawa. Ni ma hawayen ne suka zubo mini. Na ƙara ɗumin motar, na bar ta a kunne, muka zauna a filin asibitin har ta gama.